Hotunan da Manaja Ya Goge

Akwai ranar da har gobe ban manta da ita ba. Da daminar bara ne, ina jami'in kula da na'urori a wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa, hedikwata a Nguru, reshe a Gashua.

Ku da kuka zo bayana, ga yadda tsarin yake. Injina uku muka haɗa suna aiki kamar ɗaya, manhajojinmu kuma kowace na cikin kwantenarta, wato keɓaɓɓen wurin da take aiki a cikin inji. Kwantena in ta mutu ba abin kuka ba ne, wata za ta tashi. Abin tsoro shi ne rumbu, wato ma'ajiyar da sakamakon gwajin mutane yake ciki. Shi ya sa kullum tsarin ke ɗaukar hoton rumbun yadda yake a lokacin, in ya lalace a maido shi daga hoton. Akwai kuma kwafi, rumbu na biyu sukutum mai zaman kansa. Na taɓa yin guda tun kafin babbar Sallah, don sababbin ma'aikatan Gashua su koyi aiki a kai.

Manajanmu, Alhaji Bukar, mutum ne da ba ya son a ce akwai ƙofar da ba shi da mabuɗinta. Ya matsa sai da na ba shi izinin shiga komai. Dama ya taɓa tara mu ya yi ta faɗa, wai ma'aikata na cika injinan ofis da hotunan biki da na suna.

Ranar Litinin ina Gashua ina gyara, allon lura da injina na Nguru ya nuna ja, wurin ajiya ya kusa cika. Alhaji ya leƙa, ya ga jerin abubuwa kowanne an rubuta masa hoto. Bai kira ni ba, alhali wayata na aljihuna. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge, har yana gaya wa masu gadi yau ya yi maganin 'yan biki.

Washegari hadari ya haɗu, wuta ta ɗauke, batiran sola suka gaza ana tsakar shigar da bayanai, rumbun ya dagule. Na taho a guje ban ko damu ba, don maidowa aikin shan shayi ne. Na buɗe wurin hotunan, wayam! Na tambayi Alhaji, ya ce shi ya share, kuma da ma ni ya kamata in share tuntuni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba hoton amarya ba ne, hoton rumbu ne."

Ya ce, "To, hoto dai hoto ne, Malam Idi. Kar ka ɗaga min murya."

Na jawo kwafin Gashua na ɗora, muka samu duk abin da ya gabaci Sallah. Na bayan Sallah kuwa ya tafi. Yawancin mutane sun riga sun karɓi takardunsu, amma ban da Baba Maina.

Baba Maina masunci ne daga can cikin fadama, ƙodarsa ke damunsa. An ɗibi jininsa ranar Asabar, aka ce ya dawo Laraba ya karɓi sakamako ya wuce Gashua, don likitan ƙoda ran Alhamis kaɗai yake ganin mutane, kuma da wannan sakamakon zai yanke ko a fara masa wankin ƙoda. Jinin da aka gwada an zubar. Sabon gwaji kuwa ba zai fito kafin Alhamis ba.

Ran Laraba ya iso da hantsi, ya sha kwale-kwale ya sha babur, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, yana riƙe da shi a hannu. Ina tsaye Alhaji ya fito da fara'arsa ya ce masa na'ura ce ta samu matsala, sai haƙuri. Na'ura! Na buɗe baki, Alhaji ya harare ni, na bar maganar don ba a gaban tsoho ba. Amma da muka koma ofis na gaya masa na cire izininsa na gogewa, in ya ga dama ya kore ni. Bai kore ni ba, bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure ba.

Tsohon nan bai yi faɗa ba. Ya zauna a benci yana haki, ya naɗe hannun rigarsa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ku ɗiba. Ku yafe ni, na sa ku aiki biyu."

Mako guda ya yi kwance a zauren wani ɗan'uwansa yana jiran wata Alhamis ɗin.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe shi. Duk girman mutum, kada ku ba shi ikon goge abin da bai san sunansa ba. A aikinmu mai danna maɓalli yana cikin sanyin fanka, wanda zai sake miƙa hannu a soka masa allura kuma yana waje kan benci, har yana ba mu haƙuri.