Ranar da Baba Mamuda Ya Sauka Daga Mota

Kafin masu shayi su gama hura wuta a Dutsin-Ma, Baba Mamuda ya baro ƙauyensu Birchi. Damina da rani, a garejin Oga Edwin da ke hanyar Kurfi ake samunsa, zaune a kan wata tsohuwar kujerar mota a gindin bishiyar bedi. Shi ba bakanike ba ne, bai taɓa kwance inji ba, kuma ba ya ɓoye hakan. Aikinsa gwaji. Duk motar da aka gyara, ba a miƙa wa mai ita sai ya hau ta ya zagayo. Yakan tuɓe takalmansa a bakin gareji ya shiga da ƙafa tsirara, don a cewarsa takalmi yana hana ƙafa jin abin da birki yake ciki.

Oga Edwin, wanda ya zo daga Binuwai yana saurayi ya yi furfura a garin nan, ba ya gajiya da ba da labarin wata bas ta 'yan kasuwar Kurfi. An gama gyara, direba yana ta tsaki fasinja na jira, Baba Mamuda ya dawo daga gwaji ya soke makulli a aljihu ya zauna. Ya ce sitiyarin yana masa sanyi-sanyi a kwanar dama. Direba ya yi faɗa har ya gaji. Da aka leƙa ƙasa, ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya kusa rabuwa biyu. Irin wannan ba ya ƙirguwa, kuma yawancin waɗanda ya tsare daga haɗari ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

A Abuja ya samo wannan jin. Da ƙuruciyarsa ya yi wa wani dillalin motoci aiki, shi ke kai wa attajirai motocin nan masu ƙofa biyu, waɗanda cikinsu ya kusa shafar kwalta. Shi ya sa samarin gari suke kewaye shi da wayoyi, suna nuna masa bidiyo suna gardamar wacce ta fi.

"Ku kullum wacce ta hi gudu," yakan ce musu. "Dukansu gudunsu ya hi ƙarhin ɗan Adam. Bambancin a jikinka za ka ji shi."

Daga nan sai ya gyara zama. 'Yar Jamus mai inji a baya, in ji shi, daga ƙugu take tura mutum, gabanta sakayau, in ka ɗage ƙafa daga totur da garaje a tsakiyar kwana sai bayanta ya nemi ya wuce gabanta. 'Yar Amurka kuwa ƙarfi ne zalla, a miƙaƙƙen titi takan danna ka cikin kujera har numfashi ya tsaya, amma a kwana sai da lallashi. Wadda yake tsoro ita ce wata 'yar Ingila mai shiru, wadda kana ciki kamar kana zaune a falo, alhali bishiyoyi sun daina rabuwa da juna. In ya zo kan 'yar Italiya sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya tuƙa tsofaffin, masu sitiyarin da ko tsakuwa ka taka sai ta gaya wa tafin hannunka. Sabuwar ta fito bayan ya dawo gida. Yakan karɓi waya ya kara a kunne ya saurari kukan injinta, sannan ya mayar wa mai wayar. Kowa a garejin ya san yana son ya hau ta kafin ya mutu.

Akwai kuma abin da matarsa Huseina kaɗai ta sani. Tun bara yanar ido ta fara rufe masa idon hagu. Hanyar Kurfi ya san ta rami da rami, don haka ba wanda ya lura. Ya sha cewa zai faɗa, sai ya tuna ba shi da wata sana'a, gonar Birchi kuma ba ta kai su ƙarshen shekara. Sai ya ce bari dai a ga wata mai kamawa.

Ana nan sai ga sabuwar 'yar Italiyar a kan tirela. Alhaji Rilwanu, ɗan garin da ke kasuwanci a Abuja, shi ya kawo ta bikin ƙanwarsa. Cikinta ya gogi tudun kan titi, ya kawo a duba. Oga Edwin ya leƙa ya ce lafiya lau, saura gwaji. Baba Mamuda ya tuɓe takalma ya shiga. Alhaji ya zauna a gefensa, suka ɗauki hanyar Kurfi.

Ta fi yadda ya zata. Kafin ya gama niyyar juyawa ta juya, kukan injin a bayan kunnensa, titin gaba ɗaya a tafin hannunsa. Daɗi ya cika shi irin wanda ya manta akwai shi.

"Baba, mai keke," in ji Alhaji.

Ya taka birki. Motar ta tsaya cak. Wani manomin rani daga wajen madatsar ruwan Zobe, da kwandon tumatir a bayan kekensa, ya ƙarasa tsallakawa daga hagu bai ko waiwayo ba. Alhaji ya yi dariya.

"Ka ji birki ko, Baba? Ai na san gwada shi kake."

Da ya ce e, da magana ta ƙare a nan. Sai ya saki sitiyarin, ya juyo wajen Alhaji.

"Alhaji, ban gan shi ba," ya ce. "Da ba ka yi magana ba, da na taka shi. Zagayo ka mai da mu."

A gareji bai jira a tambaye shi ba. Ya tsaya a gaban kowa ya faɗi abin da ke idonsa da abin da ya faru. Oga Edwin ya share hannu da tsumma ya matso.

"Baba, to ka bar manyan. Ka riƙa gwada ƙananan a cikin gari, a hankali."

"Oga, ƙaramar ma kisa take yi. Mi zan ce ma iyalin mutum?"

Tun ranar bai sake zama a bayan sitiyari ba. Ana maganar kai shi asibitin ido, Allah ya sa a dace, amma shi bai sauka da sharaɗin haka ba.

Baba Mamuda, kai ne ka yi shekaru kana hana motoci marasa lafiya fita titi, da layi ya zo kanka ba ka yi wa kanka alfarma ba. Kai ne ka samu abin da ka daɗe kana buri, kana tsakiyar jin daɗinsa ka sauka. Ba a kama ka ba, ba a zarge ka ba, wanda yake gefenka ma yabonka yake yi. Mun san ya yi maka ciwo, kuma mu ma ya yi mana. Mun gode, dattijon Birchi, Allah ya saka maka da alheri, ya buɗa maka ta inda ba ka zato.

Ga sauranmu, direban da idonsa ya fara dushewa, da wanda barci yake fizga a hanya, da wanda hannunsa ya soma rawa, kowa ya san abin da yake ɓoyewa. Ya faɗa da bakinsa tun titi bai faɗa masa ba. Manomin nan ya isa kasuwar Kurfi ya sayar da tumatirinsa, ya koma gida ya ci tuwo da 'ya'yansa. Har yau bai san akwai wani mai suna Mamuda ba.