Ƙafar Kujera a Tukunyata

Mijina ya dafa ƙafar kujera a babbar tukunyata, wadda mahaifiyata ta bar mini.

Kafinta ne, kuma ban taɓa raina sana'arsa ba, da ita muka ci muka sha. Mutum ne mai sanyin hali, ko ƙuda ya sauka a hancinsa sai ya ba shi haƙuri kafin ya kore shi. Ciwonsa ɗaya: gam.

Abin ya samo asali tun yana saurayi. Ya yi wa wata mai sayar da abinci kantar ajiye kwanuka a saman murhunta, ya haɗa da farin gam, wanda aka rubuta a gwangwaninsa wai ba ya jin zafi, ba ya jin ruwa. Tururi ya yi ta dukan katakon har kantar ta saki, kwanukan suka zubo a kan wani mai cin abinci. Tun daga ranar ya daina yarda da rubutun gwangwani.

Duk sabon gam da ya shigo kasuwa sai ya gwada shi. Ya manne katako biyu, ya shanya a kan rufin kwano rana ta gasa, ya jiƙa a durom ɗin wankina, sannan ya kira ni.

"Maman yara, zo ki ɗan zauna a nan."

Ni ce ma'auninsa. In katakon ya ɗauke ni, gam ɗin ya ci jarrabawa. Na haƙura da wannan, har da ranar da na tashi da ciwon ƙugu.

Amma bana sai ya ƙaro tafasawa. Ranar da yayata ta zo, ina wanka, ta ga tukunya na zaɓalɓala a kan wuta. Ta ɗauki ludayi don ta taya ni juyawa, sai ga ƙafar kujera ta taso.

Da na fito ta riƙe hannuna, idonta ya kawo ruwa. "Ƙanwata, ashe abin ya kai haka, ba ki faɗa ba?"

Shi kuwa gogan ya shigo, ya tsamo katakon, ya ja iya ƙarfinsa, ya washe baki. "Yaya, ki duba, ko motsi bai yi ba!"

Gam ɗin kirki ne kam, shaida ita ce wanda ya zuba ya daskare a gindin tukunyar. Na kankare da wuƙa, na goga da toka, yana nan daram. Yanzu dangi kowa aiko mini da hatsi yake yi, wai yunwa ta sa muna dafa katako.

Saboda haka ku masu yin gam, da ku nake. Ku dafa kayanku a tukwanen gidajenku kafin ku rubuta ƙarya ko gaskiya a gwangwani. Kai kuma Baban yara, tunda ka gano wanda ba ya saki, sai ka nemo mini abin da zai sake shi daga tukunyar uwata, yau ɗin nan.