Numfashin Da Na Koya Wa Goggo

A shekarun da mutanen arewacin jiharmu suka kwararo Yola a ƙafa suna gudun rikici, ni malamin sakandare ne a Jimeta, mai ji da boko, wanda duk abin da aka faɗa da Turanci a otal yake haɗiyewa ba tauna. Cikin waɗanda suka iso har da Goggo, ƙanwar mahaifina da ta goya ni. A daji ta rabu da ɗanta na fari, har yau babu labarinsa. Kun san Bafulatana da ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta kukansa a gaban mutane. Ni kaɗai take samu bayan la'asar ta ba ni labarin wanda take kira wancan, yadda yake ƙin miyar kuka, yadda ya koma kwanto akuya bai dawo ba. Kullum labarin ɗaya ne, kuma gaskiya na fara ƙosawa.

Ana haka makaranta ta tura ni bitar wata ƙungiya. Wani saurayi mai ƙamshin turare, wanda ko kare bai taɓa korarsa ba, ya zaunar da mu a ɗakin sanyi, ya ce mu rufe ido mu bi numfashinmu, tunani in ya zo mu bar shi ya wuce kamar kwalekwale a kogin Binuwai. Wai ba addini ba ne, gyaran kai ne, mutum zai zama sabo fil. Da ciki cike da shinkafa da kaza, wa zai kasa samun natsuwa? Na fito ina tafiya a hankali, ina magana ƙasa-ƙasa, ina jin na fi kowa.

Da Goggo ta ɗauko labarinta, sai na tare ta, na ce jiya ta wuce, ta rufe ido ta ja numfashi. Ta ce to, ta rufe. Daga ranar ba ta ƙara ambatarsa ba, ni kuwa sakarai har cika baki nake a ofis wai na warkar da ita. Ta rame, ta ce za ta Vinikilang ta taya wata 'yar uwa ɓarar gyaɗa. Can ta rasu. Wajen zaman makoki 'yar uwar nan ta faɗa min Goggo ta ce na samo sabon karatu da ba ya son surutun tsofaffi, kuma duk sanda na sa ta rufe ido, dajin nan take gani, amma ta ji kunyar faɗa min.

Mai son zaman numfashi ya yi abinsa, hancinsa ne. Amma na raina duk koyarwar da ke mayar da gajiyar sauraro hikima, na kuma raina kaina da na saye ta. Idan mai ciwo ya zaɓe ku da labarinsa, ku saurara ko sau nawa ya maimaita. Yanzu da nake son jin labarin akuyar nan, babu mai ba ni.