Jinjiri Wanzami da Kan Mai Gari

A zamanin da sarakunan Fulani ke riƙe da Katsina, tun Nasara bai zo ba, an yi wani wanzami a yankin Safana da ake kira Jinjiri. Askinsa dai ba yabo ba fallasa. Labari ne ya tara masa jama'a, don shi ba ya ɗora aska a kan mutum sai da labarin da ya ƙaga da kansa.

Kuma yana da tsari, wai shi gwani. Idan yana jiƙa gashi, sai ya gabatar da wanda labarin ke kansa da garinsu. Aska na hawa tsakar kai, masifa ta faɗo wa bawan Allah. Tana sauka ƙeya, komai ya warware.

"Labari da kai ake auna shi," haka yake ce wa mutane a kasuwar Batsari, ko ba su tambaye shi ba. "Kowane kai da nasa tsawon."

Burinsa ɗaya a duniya: sarautar Sarkin Aska ta ƙauyensu. Da mai riƙe da ita ya rasu, mai gari ya ce zai gwada mutum biyu, Jinjiri da Ma'u, wani wanzami da ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Jinjiri ne zai fara.

To, ga inda aka samu matsala. Jinjiri bai taɓa ganin kan mai gari ba rawani ba. Ya dubi rawanin nan tirim, ya ƙiyasta abin da ke ciki, ya kwana bakwai yana shirya labari mafi tsawo a rayuwarsa, na wani makiyayi da maharan Maraɗi suka kama.

Ranar Juma'a da hantsi ya rataya zabira ya isa zaure. Aka warware rawani. Wayyo! Sanƙo ne fes, sai ɗan gashi da ya kewaye kunnuwa kamar ciyawar bakin rijiya.

Mai hankali da ya taƙaita. Ina! Jinjiri ya ja labarinsa daga tushe. Kafin makiyayi ya kora shanu daga gari, gashi ya ƙare. Shi kuwa hannunsa ya saba, muddin baki na tafiya, aska na tafiya. Mahara suka ɓullo, aska ta gangaro ta gefen kunne. Fadawa sun saki baki suna sauraro, mai gari kansa ya lumshe ido. Daidai inda aka ɗaure makiyayi a gindin kuka, rabin gemun mai gari ya zubo a cinyarsa.

Mai gari ya shafa haɓa, ya ji wayam. Ya yi salati da ƙarfi.

"Ranka ya daɗe," in ji Jinjiri, "saura kaɗan ya kuɓuta."

Fadawa suka yi waje da shi, zabirarsa ta biyo shi ta sama. Ma'u aka kira ya daidaita ɓarnar. Ya yi aikinsa bai ce uffan ba, aka naɗa shi kafin gemu ya sake tsirowa.

Jinjiri ya koma ƙauyen Tsaskiya da zama, ya tsufa yana aske manoma. Rashin sarautar ya ƙona masa rai, ba ya ɓoyewa. Amma abin da ya fi ci masa zuciya har ya mutu shi ne, duk mutanen da ke zauren nan, babu ko ɗaya da ya taɓa biyo shi ya tambayi yadda makiyayin ya ƙare.