Mai Rubuta Ciwon Ƙashi

A wani asibitin Sinnar, a ƙasar Sudan, Asabe tana kallon malamin da ke cika takardun marasa lafiya. Siriri ne, riga ta sha guga, hanci toshe da hankici. Ƙafar mijinta tana mugunya tun ɗibar auduga, amma malam bai ko dubi ƙafar ba. Rubutun likita yake kwafa: ciwon ƙashi, tsoho, ya kai ɓargo.

"Ya Hajja, ku 'yan ƙauye sai maɗori ya ruɓar da ƙafa kuke tunawa da mu!" in ji shi.

Da ganinsa, Asabe ta san ko gonar ubansa kunyarta yake ji.

Yana miƙa hannu ya ɗauko hatimi, sai hannun riga ya zame. Ga karan ɗori nan jere a tsintsiyar hannunsa, sabo fil.