Gwajin Albarushi a Kan Dutse

Aikin ido ne ya kai ni Kuala Lumpur. Babban ɗana yana koyarwa a wata jami'a a can, shi ya ce in zo a cire mini yana. Aka cire, ido ya washe, ina shirin komawa gida sai annoba ta sa aka rufe ko'ina. Na zauna a wani dogon bene a unguwar Danau Kota, ba masallaci, ba kasuwa, sai taga. Ni da na ƙare rayuwata a daji, ga ni ina leƙen titin da ba kowa sai masu babur da ke kai wa mutane abinci.

Ni maharbi ne, gadon gidanmu ke nan. Bindigarmu adaka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Mahaifinmu ya koya mana yadda ake gane albarushi. Ka ɗebi kaɗan ka zuba a kan dutse, ka taɓa masa garwashi. In ya tashi fat, mai ƙarfi ne. In ya tsaya yana ci a hankali, rago ne, sai ka ƙara yawansa a bindiga. A kan baƙin albarushinmu na gida, wannan gwaji gaskiya ne. Haka na koya wa ɗan ƙanena, wanda na riƙa bayan rasuwar ubansa. Shi na bar wa adakata da zan taho.

Sai dai na san abin da bai sani ba. Da ƙuruciya na yi aiki a gandun daji da wani bature likitan dabbobi, ina riƙe masa doguwar bindigarsa. Shi da kansa yake cika kwanson harsashinsa. Yana da gwangwanaye na albarushi marar hayaƙi, wani kamar riɗi, wani kamar an gutsuttsura tsinken tsintsiya, wani fale-fale kamar dusa. Kowanne da bindigarsa. Na doguwar bindiga shi ne mai ci a hankali, don ya yi ta tura dalma har ta fita baki. Ba ya awo da ido, wani ɗan sikeli yake da shi irin na masu sayar da zinare. In ya cika, sai mu kafa takarda nesa ya yi ta harbi, mu je mu duba ko hujojin sun taru wuri ɗaya. Sau da yawa wanda ya fi gudu ba shi ya fi saiti ba, sai ya ajiye shi ya ɗauki mai sauƙi.

Wata rana na ɗebi nasa na zuba a dutse na sa wuta. Ya ci sannu-sannu kamar busasshiyar ciyawa. Na yi dariya na ce albarushin turawa rago ne. Ya kama wuyan hannuna, da gurguwar Hausarsa ya ce, "A fili rago. A rufe, mutuwa." Ya nuna mini wani bakin bindiga da ya tsage kamar gora. Ya ce kada in kuskura in zuba irin wannan a adaka, ko kaɗan.

Na koma gida ban faɗa wa kowa ba. Irin albarushin ba ya zuwa wajenmu, na ce to mene ne amfanin maganar. Gaskiyar kuma ita ce, maharba sun riga sun fara ce mini boyin bature, ba na so a ji na ce gwajin mahaifinmu yana da inda ba ya aiki.

Ran nan bayan azahar ɗana ya gama darasinsa a kwamfuta, ya fito ya ce, "Baba, akwai saƙon murya a wayarka tun jiya, ba ka saurara ba." Ni ban iya buɗe su ba, shi yake buɗe mini. Ya danna, sai ga muryar ɗan ƙanena, yana dariya.

"Baffa, an ce an kulle ku a sama kamar tattabaru. Kana can kana cin shinkafa da tsinke, mu kuwa aladun daji sun gama da rogo. Albarushi ya yanke, an rufe kasuwa. Amma wani direba ya ba ni tsofaffin harsasai, na farfasa na juye na cikinsu. Na gwada shi a dutse yadda ka koya mini. Baffa, ashe na turawa rago ne! Ba hayaƙi, ba ƙarfi. Zan ninka shi. Gobe da sassafe zan tare su a bakin fadama, in ka dawo ka tarar da rogonka."

Na ce wa ɗana, "Yanzu wane lokaci ne a gida?"

Ya ce, "Gari bai daɗe da wayewa ba."

"Kira shi."

Waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Da aka ɗauka, matarsa ce. Ta fara gaisuwa, ina kwana Baffa, ya sanyi, ya jiki. Ban taɓa katse gaisuwa ba sai ranar. Na ce ina maigidanki. Ta ce ya fita tun da ya idar da salla, ya bar wayar a caji. Na ce, "'Yata, ajiye abin da kike yi. Samu mai babur ya bi shi fadama, a ce masa in ji ni, kada ya harba. Ya ajiye bindigar a ƙasa ya matsa."

Ta ce, "Lafiya dai, Baffa?"

Na ce ta tafi kawai.

Surukata ta kawo abinci ta ajiye, ta ce, "Baba, makan," wato in ci abinci da harshensu na can, don haka bakinta ya saba. Ta ga fuskata, ta ɗauke kwanon. Aka yi ruwan nan na Kuala Lumpur da yake sauka kamar da bakin ƙwarya. Na zauna da waya a cinya. Fadamar na san ta, na san kukar da ɗan ƙanena zai laɓe a bayanta, na san yadda yake kwantar da kuncinsa a gindin bindiga, don ni na gyara masa riƙon.

Gab da magariba wayar ta yi ƙara, matarsa ce. Mai babur ɗin yana kan hanya ya ji ƙarar bindigar. Ya same shi a zaune, bindiga ta rabu biyu, hannun hagu ba yatsu sai babba, idon dama ya tafi.

Sai da ya kwana biyu a asibiti aka miƙa masa waya. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Baffa, ka yafe mini, na lalata maka bindiga."

Na ce, "Ba kai ka lalata ba. Na san albarushin nan tun kafin a haife ka. Na san gwajin dutse ba ya aiki a kansa, ban gaya maka ba."

Ina jin tarin wani majinyaci a kusa da shi.

Ya ce, "Ka sani, Baffa?"

Na ce na sani.

Ya ce, "To." Sai na ji yana ce wa matarsa ta karɓi wayar, hannunsa ya gaji.