Malam Nata'ala da Kiyashin Ƙarƙashin Gado

Shekara talatin da biyar ke nan, da an idar da sallar asuba Malam Nata'ala zai hau tsohon kekensa ya nufi asibiti. Tun da aka dawo da shi Dutse, daga unguwar Yalwawa yake tasowa. Kafin mai shara ya iso ya buɗe ɗakin gwajin jini, ya wanke kwalabensa da hannunsa, domin bai yarda da wankin kowa ba. Mutanen ƙauye kan ce masa Likita, shi kuwa kullum amsarsa ɗaya ce: "Ni ba likita ba ne, mai auna jini ne." A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma wallahi ba za a bar shi ya sulale gida shiru yadda yake so ba.

Cikin azumin 1997 aka kawo wata mata daga Miga, sunanta Larai, 'ya'yanta huɗu. Mahaifinta, Malam Yahuza, babban malami ne mai makaranta. Shekara uku Larai ba ta kai azumi ɗaya ba. Da azahar ta gota sai gumi ya karyo mata, jiki ya ɗau rawa, ta shiga sambatu, ta yanke jiki ta faɗi. Sai a ɗura mata rubutun mahaifinta, ta farfaɗo garau. Me za a ce kuwa? Gari ya ɗauka aljani ne da ba ya son azumi. A wannan shekarar faɗuwar ta ƙara tsawo, ranar ƙarshe ma sai da aka fara salati a kanta kafin ta motsa.

Dakta Misbahu, matashin likitan da ya karɓe ta, ya yi zargin sugan jininta ne ke faɗuwa. Ya kwantar da ita, ya ce kada a ba ta komai sai ruwa, da abin ya taso a kira mai auna jini. Sau biyu ana kiran Malam Nata'ala, sau biyu yana tarar da ita zaune tana gyara ɗankwali, awo kuma ya nuna lafiya ƙalau. Likita ya ce to, gobe a sallame ta, wataƙila farfaɗiya ce.

Abin ya tsaya wa Malam Nata'ala a rai. Ya san in aka mayar da ita Miga da maganin farfaɗiya, wata rana za ta faɗi ta ƙi tashi. Ya koma ɗakin mata, ya tsaya yana kallon gadon kamar mai neman abin da ya yar. Can sai ya hangi kiyashi sun yi layi daga jikin bango zuwa wani ɗan kwano a ƙarƙashin gado. Ya durƙusa ya buɗe. Rubutu ne. Ya sa yatsa ya ɗanɗana, ya ji zaƙi har ka. Ashe Malam Yahuza da zuma yake haɗa rubutunsa, kamar yadda ya gada, kuma da jikinta ya fara rawa 'yan jinya ke ɗura mata kafin a aika kira. A wurinsu ai rubutu ba abinci ba ne.

Wani ma'aikacin da sai ya ɗaga murya ya kira su jahilai. Shi kuwa fita ya yi gindin darbejiya inda malamin ke zaune, ya cire takalmi, ya tsuguna.

"Allah gafarta Malam, alfarma na zo nema."

"Faɗi, Likita."

"Rubutun nan a ci gaba da ba ta, kada a fasa. Zumar kawai nake roƙo a cire, na yini ɗaya."

Malamin ya dube shi. "Kana nufin zuma ce ke tashin ta, ba ayar ba?"

"Subhanallahi, ni wa da zan faɗi haka? Allah ne ya sa waraka a cikin su biyun. So nake in ga ciwon da idona kafin zuma ta rufe shi."

"In ta faɗi ta ƙi tashi fa?"

"Ina gefenta, da ruwan suga a hannun likita. Ba zan gusa ba."

Malam Yahuza ya sa aka wanke allo da ruwa zalla. Washegari Malam Nata'ala ya ɗauko kujera ya dasa a bakin gadon tun hantsi. Wajen ƙarfe biyu gumi ya karyo wa Larai, idanunta suka kafe. Uwarta ta fashe da kuka tana cewa a bar ta ta ba 'yarta zuma. Shi kansa ya ce bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ya ɗebi jinin, Dakta Misbahu ya tura ruwan suga a jijiya, shi kuma Malam Nata'ala ya kwasa da gudu zuwa ɗakin gwaji, don jini in ya jima a kwalba sugansa raguwa yake, sai a ce awon ƙarya ne. Sugan mai lafiya ko da azumi yakan kai saba'in. Na Larai ashirin da takwas ya nuna. Kafin ya dawo da takardar, ta buɗe ido tana tambayar wa ya ɗauke mata mayafi.

Da wannan takarda aka tura ta Kano. Likitocin fiɗa suka ce ƙari ne a jikin wata tsoka da ke kwance bayan tumbi, wadda ke fitar da sinadarin da ke rage sugan jini. Ƙarin ya sa tana fitar da shi ba ji ba gani. Bayan salla aka yi aikin. Babban likitan ya lalubo shi da yatsunsa, ya ciro, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ikon Allah! Ɗan wannan abu ne ya kusa kai uwar 'ya'ya huɗu kabari. A Kano an yi ta yaba wa masu fiɗa, kuma sun cancanta. Ba wanda ya tambaya wa ya rubuta ashirin da takwas ɗin nan.

Malam Nata'ala, kai ne ka durƙusa inda wasu suka wuce a tsaye. Kai ne ka nemi gaskiyar ciwo ba tare da ka zubar da mutuncin uba a gaban 'yarsa ba. Mun gode, Allah ya saka maka da Aljanna. Ku kuma matasan da za ku gaji ɗakin nan, na'urorinku sun fi nasa, amma ku riƙa tashi daga kujera kuna zuwa ganin mai jinin.

Da aka tambaye shi ranar da ta fi masa daɗi a aiki, bai yi dogon tunani ba. Ya ce azumin da ya biyo baya ne, bayan la'asar, yana shirin kulle ɗaki, sai ga Larai a bakin ƙofa, tsaye da ƙafafunta, mahaifinta na bayanta. Ta naɗe hannun riga ta miƙo masa hannu.

"Baba, ɗebi ka auna. Da azumi a bakina."

Ya auna. Saba'in da tara. Ya ce sai da ya cire tabarau ya goge ido kafin ya iya rubutawa.